Shekarar da Na Riƙe Sito

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babin, magana ce da ta fito daga bakinka, kai Abba, ranar sunan 'yar da ƙanwarka Bilki ta haifa. An ci an sha, wani ya fito da tsohon hoton gidan rawar babanku a waya ana miƙa wa juna, sai na jiyo ka daga falo kana ce wa abokanka wai Umma ce ta kashe wurin, da yanzu ya zama wurin tarihi. Ban tanka ba, don gida cike yake da surukai. Amma tunda na ga ku biyun duk kuna da saurin mantuwa, gara in rubuta yadda aka yi tun ina da sauran ido, kada jikokina su tashi da labarin da aka gyara.

Da farko dai ku sani, ginin nan nawa ne. Sito ne na ajiye auduga a Abakpa, mahaifina ya bar mini shi cikin gado, babu komai a ciki sai ɓeraye da ƙamshin tsohon buhu. Ni ina buga tafireta a ma'aikatar gwamnati, babanku Garba yana aikin gidan waya da rana, in an tashi kuma ya ɗauki ƙahonsa na Turawa ya tafi wurin makaɗa. Shi ya lallaɓa ni, da bakin nan nasa mai zaƙi, har na yarda ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya kafa dandamali, ya rataya fitilu masu launi. Ya sa wa wurin wani suna mai daɗi a allo, amma duk Kaduna ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Sito aka sani, Sito kuma aka ci gaba da cewa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, an sayar da giya a wani lungu na wurin, kuma ni da babanku mun yi shekaru muna faɗa a kan haka kafin ya kori mai sayarwar. Ba zan kuma rage wa wurin daraja ba. Ranar Asabar, tun daga kan titi ba ka samun wurin taka ƙafa. Ma'aikatan masaƙu su hayo gada da kayansu na fita, ga 'yan reluwe, ga sojoji, ga ma'aikatan jinya, ga akawuna da malaman makaranta. Bahaushe da Bakatafe da Bayarabe da Inyamuri, duk a kan katako ɗaya, ba mai tambayar wani inda yake salla. Ɗakin kuwa faɗinsa ya isa a yi ƙwallo a ciki, amma sai ya cika har bango ya riƙa gumi. Mai gangunan babanku, Yohanna, mutumin kudancin jihar nan ne, siriri kamar a busa ya faɗi, amma in ya zauna bayan gangunan nan sai ka ji kwanon rufi yana amsawa. A Badarawa yake haya kusa da mu, matarsa Rifkatu ita ta riƙe ni ranar da zan haife ki, Bilki.

Wurin bai mutu rana ɗaya ba, kuma ba a hannuna ya fara mutuwa ba. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masu albashin ƙarshen wata suka watse. Sai rikice-rikicen nan suka zo, gari ya rabe, kowa ya kwashe kayansa ya koma ɓangaren kogin da danginsa suke. Yohanna da iyalinsa suka ƙetare, rabin masu zuwa Sito suka bi su. Yau dokar hana fita, gobe an hana babura, jibi an ce ana sace mutane a hanya. Samarin da suka taso kuma suka samo wasu ƙananan wurare masu kujerun kushin, inda za su zauna su biyar suna zuƙar shisha, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Babanku yana kallon duk wannan, amma kullum maganarsa ɗaya ce, wai lokaci ne, zai wuce. Ko da ciwo ya kwantar da shi, da ya ga na idar da sallar la'asar sai ya yafuto ni.

“Asabe, abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki bari a yanka ɗakin nan shago-shago. Mutane za su dawo.”

“Ka ji da jikinka tukuna,” na ce.

“Ki dai ce mini to.”

Na ce to. Ku gaya mini macen da za ta ce a'a ga mijin da ƙafafunsa suka kumbura har ba ya iya sa takalmi.

Tun ina cikin takaba na fara gane irin ruwan da na shiga. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, manyan mutane da manyan riguna, yawancinsu na san su tun suna saka wando mai faɗin ƙafa. Babbansu Alhaji Sule, wanda ya yi babban sakatare kafin ya yi ritaya, kuma a zamanin ƙuruciya ba a rufe Sito sai an roƙe shi ya sauka daga katako. A tsakar gida, gaban liman da jama'a, ya gyara murya ya ce yanzu da Allah ya ɗauki Malam Garba, ya kamata a tsarkake masa bayansa, a mai da wurin nan abin da zai amfane shi a kabari. Kowa ya ce haka ne. Da zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ya rage murya daga bayan labule.

“Hajiya, kada ki kula da abin da na faɗa a waje, kin san sha'anin jama'a. Wurin nan kada ki rufe shi. Nan ne ƙuruciyarmu take. Muna bayanki.”

Ba shi kaɗai ba. Haka suka yi ta yi mini, baki biyu kamar kalangu, ɗaya na tsakar gida, ɗaya na bakin labule.

A cikin gida ma ban huta ba. Kai Abba, a lokacin kana neman auren 'yar wani malami a Hayin Banki, kuma an fara yi maka habaici da sana'ar ubanka. Safe da yamma kana kaina, wai in rufa maka asiri in sa wa wurin kwaɗo. Ke Bilki kuma kika ce a fasa katakon a zuba tayil, a mai da shi wurin biki ana haya. Gwaggonku Talatu, yayar babanku, wadda ta shekara talatin tana kiran wurin gidan shaiɗan, rana ɗaya ta zama mai gadinsa. Ta zauna a kan tabarmata tana jan carbi tana cewa wasiyya wasiyya ce, duk wanda ya taɓa ko ƙusa ɗaya ta wurin ƙaninta ba ta yafe ba. Na ce mata, “Yaya, ba ke kika ce wuta ce makomar masu shiga ba?” Ta ce wannan daban, wancan daban. Na rasa wanda zan bi, sai na bi mamacin, tunda shi kaɗai ne maganarsa ba ta canzawa.

Da na fita takaba na aika aka kira mini Yohanna. Ya zo ya tsufa, gashi duk ya yi fari, amma da na ce za mu buɗe, bai yi musu ba, ya ce zai tattaro sauran makaɗan. Sharaɗinsa ɗaya, dole su haye gada kafin magariba, don iyalinsu ba sa samun barci in suna wannan ɓangaren bayan duhu. Shi ya sa muka mai da rawa ta koma ta la'asar, Asabar da Lahadi. Ku yi tunanin gidan rawa da rana tsaka, fitilu masu launi suna ƙyaftawa, hasken rana kuma yana shigowa ta hujin kwano yana nuna duk inda gara ta ci.

Wahalar shekarar nan ba ta faɗuwa. Damina ta zo, rufi ya yi ta yoyo, muna jera bokitai a tsakiyar filin rawa. Janareto ya sha mai kamar raƙumi, ya kuma mutu a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ni da ban taɓa tsayawa a ƙofar wurin ba a rayuwar babanku, sai ga ni da hijabina a kan kujerar roba ina jiran masu zuwa, matan unguwa suna wucewa suna gaishe ni da gefen baki. Tsofaffin da suka ce suna bayana, ban ga ƙeyar ko ɗaya ba. In na kira a waya, wannan yana Abuja, wancan gwiwa, wani kuma jikarsa ce ke aure.

Aka ce mini in jawo matasa. Na jawo su. Na ɗauko wani mai saka kiɗa da kwamfuta, aka yi talla a waya, suka zo kuwa, ba laifi. Suka shigo suka tsaya a jikin bango kamar masu jiran likita. Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar filin rawa, filin kuma ba kowa a kai, don duk mai rawar ya zama mai ɗauka. Wata yarinya ta fito tsakiya ta yi juyi biyu, ƙawarta ta ce ya yi, ta koma suka duƙufa suna kallon abin da aka ɗauka. Wani saurayi ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce,

“Mama, wurin naki ya yi girma da yawa. Ba inda mutum zai zauna shi da mutanensa. Da za ki yanka shi ƙanana-ƙanana, a sa kujeru da labule.”

“Rawar fa, a ina za a yi ta?”

“Ai Mama, ba wanda zai yi rawa a gaban mutane haka. Gobe sai ka ga kanka a waya ana yi maka dariya.”

Na dube shi, na dubi katakon da babanku ya yi ta gogewa da hannunsa, na ce Allah ya yi maka albarka, tashi ka tafi.

Da shekara ta zagayo, na yanke shawarar in yi taro ɗaya babba, in ga iyakar gaskiyar mutane. Na bi tsofaffin nan gida-gida da ƙafata, na ce ranar Lahadi kaza da la'asar makaɗan Garba za su buga duk waƙoƙinsa na da, ba kuɗin shiga, ba giya, ba mai ɗaukar hoto. Kowa ya ce in sha Allahu. Alhaji Sule har da share hawaye, ya ce ko a kan gadon asibiti yake sai an turo shi. Na sa aka toshe rufi, aka wanke katako, aka dafa shinkafa da zoɓo na mutane masu yawa. Yohanna ya zo tun hantsi da makaɗansa, sun sa fararen riguna iri ɗaya da suka yi musu yawa saboda rama.

Aka yi la'asar, aka fara kiɗa. A ciki akwai Rifkatu da wasu ƙawayenta biyu da suka hayo tare, da wani tsohon direban reluwe da ya zo da sanda, sai masu dafa abinci. Na leƙa waje in ga ko mutane na tafe, sai na ga abin da har gobe ban manta shi ba. Motoci ne a jere a gefen titi, tun daga bakin ƙofa har kwana, manya-manya masu baƙin gilashi, injinansu a kunne. Sun zo. Duk sun zo. Amma ba wanda ya buɗe ƙofa. Wannan yana jiran wancan ya fara fita, wancan yana tsoron kada wannan ya gan shi. Wani ya turo direbansa ya leƙo ya ga su wa ke ciki, direban ya koma ya sunkuya a taga ya ba da rahoto, gilashi ya sake rufewa. Ina tsaye sai wayata ta yi ƙara, Alhaji Sule ne, ga motarsa ina kallo.

“Hajiya, sannu da ƙoƙari. Don Allah ki sa a buɗe tagogin nan na gefen titi, a kuma ɗan ƙara sauti. Ba ma ji sosai daga nan.”

“Alhaji, ƙofa a buɗe take.”

“Kin san matsayinmu yanzu, Hajiya. Akwai idon jama'a.”

Na kashe wayar. Na taka har bakin titi, na bi motocin nan ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasa gilashi da zobena. Wasu suka sauke kaɗan suka ce yanzu za su shigo, wasu suka yi kamar suna waya, wani ya kwanta a kujerar baya, babban mutum da jikoki, wai don kada in gan shi. Can kusa da kwana na tarar da wata ƙaramar mota ruwan toka wadda ba na buƙatar ƙwanƙwasawa, don ni na cika kuɗin sayenta. Kai ne a ciki, Abba, ka kwantar da kujera, yatsunka suna bin kiɗan babanka a kan sitiyari. Muka haɗa ido. Ba mu taɓa ta da zancen ba sai yau. Na koma ciki na sa aka rufe tagogin gefen titi duka, har da sakata.

Makaɗan suka buga har ƙarshe, ba su rage ko waƙa ɗaya ba. Tsohon direban nan ya jingine sandarsa ya taka abin da ya samu, Rifkatu ta taya shi. Da aka gama, motoci suka zame ɗaya-ɗaya, abincin kuma muka raba wa 'yan unguwa. Ina zaune a bakin dandamali ƙafafuna suna zogi, Yohanna ya zo ya tsuguna a gabana yana murza yatsunsa.

“Uwargida, zan yi magana, kada ki ji haushi.”

“Yau kam haushi ya ƙare mini, faɗi.”

“Ki sallame mu. Hannuwan nan sun daina jin magana, in na koma gida sai Rifkatu ta gasa mini su da ruwan zafi. Kowane mako in zan hau gada sai na yi addu'a, in na sauka ma sai na yi. Duk cikinmu ba mai zuwa don kansa. Saboda ke muke zuwa, kada ki ce mun watsar da oga.”

Ni ina nan ina ta cin wuya don kada a ce na raba tsofaffin makaɗa da abin yinsu, su kuma suna ta cin tasu wuyar don kada in ji kunya. Shekara guda cur muna wahalar da juna saboda kara.

“To alƙawarin da na yi masa fa, Yohanna?”

“Oga ya ce mutane za su dawo. Kin jira su, kin gan su da idonki. Ni ne shaidarki, a nan da gaban Allah.”

Ban yi shawara da kowa ba. Cikin makon na kira wasu masu yin kujeru da gadaje da suka daɗe suna bina, na ba su haya, na kuma ce su yanka shi yadda suka ga dama. Na san abin da na karya, kuma na biya. Gwaggonku Talatu ba ta sake taka gidana ba, ko gaisuwata ba ta amsawa, har ta koma ga Allah ba mu shirya ba, kuma wannan yana ci mini rai fiye da yadda kuke zato. Na yi watanni ba na bin titin Abakpa don kada in ji ƙarar zarto daga ciki. Alhaji Sule kuwa ya tare ni a wani ɗaurin aure ya yi mini barka a gaban mutane, wai Allah ya shirye ni, bayan kwana biyu ya kira ni a waya ya ce na ci amanar Garba. Na ce masa ya zaɓi ɗaya ya riƙe, tsufa ya kama ni, ba na iya ɗaukar biyu.

Ranar da za a kwashe kaya, na ce wa Yohanna gangunan nasa ne, ƙahon babanku kaɗai na ɗauka. Aka loda su a a-kori-kura, sai na ji ba zan iya tsayawa ina kallon ƙurar motar ba, na buɗe gaba na shiga. Rabona da ƙetare gadar nan don in je gidan wani har na manta. Muka kutsa cikin unguwarsu, Rifkatu ta fito da gudu tana tafa hannu, ta shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro, ta kawo kunun gyaɗa. Aka sauke ganguna a tsakar gida kafin a san inda za a ajiye su. Yohanna ya jawo turmi ya kifa ya zauna, wai zai gwada ko wata ta fashe a hanya. Ya ɗan taɓa a hankali, ya sake taɓawa, sai hannun ya tafi da kansa.

Kafin in shanye kunun nan, gidan ya cika. Yaran maƙwabta suka fara shigowa ba takalmi, sai 'yan mata da suka ɗebo ruwa suka sauke bokitai, sai wata mai jego da goyonta, sai wani mai gyaran babur da baƙin mai har gwiwar hannu. Ba wanda ya gayyace su, ba wanda ya tsaya duba wa ke kallonsa. Ƙura ta tashi, kaji suka watse, Rifkatu tana ihu a yi hankali da tukunyarta. Ni kuwa takaici da dariya suka kama ni lokaci guda. Na shekara ina sayen mai, ina toshe rufi, ina bin manya gida-gida ina roƙo su ɗaga ƙafa, ga shi nan ana yi a kan turɓaya, ko lantarki babu.

Da rana ta yi sanyi Yohanna ya ajiye sanduna, yana haki, ya dubi sama, sannan ya dube ni.

“Uwargida, tashi in raka ki bakin titi. Yau ke ce za ki haye gada kafin magariba.”